Wadatacce da Mabuƙaci: Darasi Daga Ƙwayar Zarra

Shin wanda ya wadatu har ba ya buƙatar kowa ya fi wanda kullum yake neman ɗan'uwansa? Darasin kimiyya ne ya jefo mana wannan tambaya, mu da muke koyarwa a ƙasar Rano da Kibiya, inda ɗalibai kan haddace "biyu, takwas, sha takwas" don cin jarrabawa kawai.

A shekarar 1913 Niels Bohr, masani ɗan ƙasar Danmak, ya bayyana cewa ƙwayoyin lantarkin da ake kira elektaron suna zaune ne hawa-hawa kewaye da cibiyar zarra, kamar ɓawon albasa. Hawan farko yana ɗaukar 2, na biyu 8, na uku 18. Kowane hawa ya kasu ɗaki-ɗaki, kuma bisa ƙa'idar Wolfgang Pauli ta 1925, ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar fiye da elektaron 2. Ɗakin nan ba bango gare shi ba. Yanki ne kawai inda aka fi sa ran samun elektaron.

To, iskar niyon tana da 10, wato 2 da 8. Hawanta na waje ya cika, shi ya sa ba ta haɗuwa da kowa, ba ta haifar da komai. Sodiyam yana da 11, ya yi rarar guda. Ƙarfe ne mai tartsatsi idan ya taɓa ruwa. Kulorin tana da 17, saura guda ta cika. Guba ce da aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Amma da zarar mai rara ya miƙa wa mai giɓi, sai a sami gishiri, wanda ayarin raƙuma suka daɗe suna ɗaukowa daga Bilma zuwa Kano, wanda kuma babu tukunyar miya a Zurgu da ba ya shiga.

Wani zai ce ai zarra ba ta da zaɓi, don haka ba ta cancanci yabo ba. Gaskiya ne, kuma a nan nauyin ya dawo kanmu. Sodiyam dole aka yi masa. Manomin da rumbunsa ya cika kuwa yana iya rufe ƙofa, maƙwabci na kwana da yunwa. Haka marubucin da ya ƙi nuna wa na baya hanya.

Wadatar da ba ta isa ga kowa ba, cikar niyon ce. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu zama gishiri a cikin jama'armu.