Bashin Da Ke Kan Mai Neman Shawara

Ina da shekara goma sha tara lokacin da aka fara neman shawarata a kan abu mai nauyi. Baffanmu ne ya tara mu bayan sallar isha'i, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ya ce wani ɗan kasuwa daga Maraɗi yana son gonar bakin hanya, shi kuma ba zai yanke komai ba sai ya ji ta bakin kowa. Gonar tasa ce, ita ce rabonsa na gado, babu mai ja da wannan. Amma dukanmu mun yi noma a cikinta, kuma hatsinta muka ci muka girma. Aka yi ta magana har dare ya raba. Gwaggonmu ta yi kuka da ta tuna itacen gawon da mahaifinsu ya hana a sare. Ni ma na faɗi tawa, muryata na rawa. Mafi yawanmu muka ce a bar gona. Baffa ya yi godiya, ya sa mana albarka, aka watse.

Bayan mako biyu sai ga mota tana sauke bulo a gonar. Ashe ya karɓi kafin alƙalami tun kafin ya kira mu.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya fi yi mini ciwo. Sayarwar kanta na fahimce ta daga baya, domin bashi ya yi masa katutu, kuma mai yiwuwa ni ma haka zan yi. Daren nan ne ya tsaya mini a rai. Da bai tara mu ba, da mun yi gunaguni na kwana biyu mun manta. Tara mu da ya yi shi ya mai da abin wulaƙanci, ko da yake na tabbata bai yi nufin haka ba.

Wannan tsohon labari ya dawo mini ne saboda wata sabuwar al'ada da gwamnatocin duniya suka ɗauka, wato buɗe shafi a intanet a ce wa 'yan ƙasa kowa ya kawo ra'ayinsa kan dokar da ake shirin yi. A fadarmu ta shayi abokai kan yi sha'awar abin, su ce ina ma a ce mu ma muna da irinsa, mutum yana kwance da salularsa ya gyara wa minista kuskure. Ni ma ina sha'awarsa. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, kuma babu shakka abin da mutum dubu suka gani ya fi abin da mutum goma suka gani daga cikin ofis mai sanyi. Tambayar da ke damuna ita ce: wanda ya nemi shawara, me ya hau kansa? Dole ne ya bi? In ba dole ba ne, mene ne bambancinsa da baffanmu?

Ƙasar da aka fi kafa misali da ita ita ce Aisland, wani tsibiri mai sanyi a arewacin Turai wanda a lokacin mutanensa ba su wuce dubu 320 da 'yan kai ba. A 2008 manyan bankunansu uku suka durƙushe, jama'a suka fito da tukwane suna bugawa a gaban majalisa har gwamnati ta faɗi. Sai aka ce a sake kundin tsarin mulki, wanda ake aiki da shi tun 1944. A ƙarshen 2010 aka tara mutum 950 da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'ar sa'a, suka faɗi abin da suke son gani a ciki. Daga nan wani kwamiti na mutum 25 ya zauna rubutu a 2011. Duk abin da suka rubuta sai su sa a intanet, jama'a su karanta su yi gyara a shafin kwamitin da Facebook, su kuma su duba su sake rubutawa. An samu tsokaci kimanin 3,600. A watan Oktoban 2012 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka jefa suka ce sun yarda a gina sabon kundi a kan wannan daftari. Fiye da kashi 80 cikin ɗari suka goyi bayan a ce albarkatun ƙasa da ba su da mai su mallakar al'umma ne, magana mai zafi a ƙasar da arzikinta kifi ne.

Majalisa ta tashi a 2013 ba ta zartar da shi ba. Har yau da tsohon kundin ake aiki, tare da 'yan gyare-gyarensa.

In za a yi adalci, 'yan majalisar suna da abin faɗa. Tun farko an ce ƙuri'ar ta neman shawara ce kawai. Waɗanda suka fito jefa ta ba su kai rabin masu rajista ba. Masana shari'a da dama sun ce akwai sassan daftarin da ke buƙatar gyara. Duk wannan gaskiya ne, kamar yadda bashin baffa gaskiya ne. Amma ka ɗauki mutumin da ya hana kansa barci yana karanta sashe bayan sashe, ya rubuta gyara, ya ga an shigar da gyaransa, ya fita cikin sanyi ya jefa ƙuri'a. Me za ka ce masa ranar da aka sake kiran sa?

Faransa ma ta yi nata. Da zanga-zangar masu riguna ɗorawa ta yi tsanani, Shugaba Macron ya buɗe babbar muhawara ta ƙasa a farkon 2019. An samu ra'ayoyi kusan miliyan biyu ta intanet, aka kuma ajiye littattafan koke a ofisoshin magadan gari, wajen dubu goma sha tara, mutane suka cika su da rubutun hannu. Waɗannan littattafai aka kwashe aka kai ɗakunan ajiyar tarihi na jihohi, suka yi shekaru a can mafi yawan jama'a ba su san abin da ke ciki ba, sai a 2025 majalisar dokoki ta nemi a fito da su. Ina yawan tunanin tsohuwar da ta taka har ofishin magajin gari da alƙalaminta.

To amma kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk abin da taron intanet ya faɗa shi ne gaskiya, gwamnati ta bi kawai. Nan ne ma maganar ta fi wuya. A 2017 hukumar sadarwa ta Amurka ta nemi ra'ayin jama'a kan wata ƙa'ida ta intanet, aka turo mata saƙo fiye da miliyan 22. Da ofishin babban lauyan jihar New York ya bincika, rahotonsa na 2021 ya nuna kusan miliyan 18 na bogi ne. Wasu da kuɗin kamfanonin sadarwa aka ƙirƙiro su, da sunayen mutanen da ba su san an yi ba. Wani ɗalibi mai shekara 19 shi kaɗai ya tura fiye da miliyan bakwai da kwamfutarsa. Wanda ya ce zai bi rinjaye a irin wannan wuri, rinjayen wa zai bi?

Ko da babu maguɗi, masu rubutu a intanet ba su ne al'umma ba. A wajenmu abin ya fi fitowa fili. In yau aka buɗe shafi a Yamai ana neman ra'ayi kan dokar filaye ko burtali, da Faransanci za a rubuta shi, kuma ni da ire-irena ne za mu cika shi, mu da muka yi boko muke da kuɗin sayen data. Makiyayin da burtalin ya shafa yana daji da dabbobinsa. Matar da ke noma a gonar aro ba ta karatu, salular gidan ma a aljihun mijinta take. Sai a tattara abin da muka rubuta a ce jama'a sun yi magana, shirun waɗancan kuma a lissafa shi a matsayin yarda. Shugaban da ya ƙi bin mu saboda ya tuna da su bai yi laifi ba. Mai yiwuwa ma ya fi mu gaskiya.

Malaman Musulunci sun daɗe da wannan muhawara, tun kafin a san intanet: shin shawara tana ɗaure shugaba, ko haska masa hanya kawai take yi, hukunci ya rage nasa? Kowane ɓangare da hujjojinsa, kuma ni ba malami ba ne da zan raba su. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ko waɗanda suka ce ba ta ɗaurewa suna magana ne a kan shugaban da ya shigo zaure bai riga ya yanke ba.

Inda na tsaya ke nan. Wanda ya nemi shawara ba dole ne ya bi ba, amma abu biyu sun hau kansa. Ya zo da ƙofa a buɗe, wato ya kasance akwai abin da za a faɗa masa da zai iya sauya shi. In akwai abin da ba zai taɓu ba, ya faɗa tun farko, kada a ɓata wa mutane dare a kansa. Sa'annan ya dawo da amsa: ga abin da kuka ce, ga wanda na ɗauka, ga wanda na bari, ga dalilina. Wannan amsar ita ce ke nuna an ɗauke ka mutum mai hankali wanda za a iya yi wa bayani.

Akwai waɗanda suka gwada sa wannan a ƙa'ida. A Birtaniya, duk takardar koke ta intanet da ta samu sa hannun mutum 10,000 sai gwamnati ta ba ta amsa a rubuce, in ta kai 100,000 a duba yiwuwar muhawara a majalisa. A 2019 fiye da mutum miliyan shida suka sa hannu a fasa fita daga Tarayyar Turai. Gwamnati ta ce a'a, ta faɗi dalilinta, cewa an riga an yi ƙuri'a a 2016. Amsar ba ta yi wa masu koken daɗi ba, amma sun san inda suka tsaya. Taiwan kuwa, da rikici ya tashi tsakanin direbobin tasi da kamfanin Uber a 2015, sai aka yi amfani da wata manhaja mai suna Polis wadda ba ta da wurin mayar da martani. Ba ka iya zagin kowa. Ka rubuta taka magana, ko ka nuna ka yarda da ta wani ko ba ka yarda ba. Manhajar sai ta fito da maganganun da ɓangarorin da ke gaba da juna suka haɗu a kansu, kuma da su aka zauna teburin sulhu, jama'a na kallo kai tsaye. Ban ce a can ma komai ya tafi daidai ba. Amma mutum yana iya bin sawun maganarsa ya ga inda ta kwana.

Shekaru bayan sayar da gonar, da na girma har ina iya zama kusa da baffa, na tambaye shi cikin ladabi me ya sa ya tara mu alhali ya riga ya karɓi kuɗi. Ya yi shiru, sa'annan ya ce, "Ɗana, da ban kira ku ba da kun ce na raina ku." Na gane cewa a zuciyarsa girmama mu ya yi. Na so in ce masa da ya gaya mana maganar bashin a daren nan, da babu wanda zai hana shi, ƙila ma da an yi karo-karo an rage masa. Ban faɗa ba, don ya tsufa.

Gwaggo dai tun daga ranar ba ta sake zuwa taron dangi ba. Duk lokacin da aka aika mata, sai ta ce a gaishe su, ƙafarta na ciwo.