Wane Irin Allah Kake Gani In Ka Durƙusa?

Karatu: Luka 15:25-32

Ƙaunatacce, sa'ad da ka rufe ido don addu'a, wace irin fuska kake ji tana kallonka? Yawancinmu mun fara zana kamannin Allah a zuciya daga waɗanda suka rene mu. Yaron da bai san mahaifinsa ba sai da bulala yakan girma yana ɗari-ɗari da Allah, ko zazzaɓi ya kama shi sai ya ce horo ne. Wanda aka shagwaɓa kuwa yakan ɗauki Allah kamar mai kanti: ya ba da zakka, ya yi azumi, ya miƙa hannu a ba shi kaya. In amsa ta yi jinkiri, sai ya sauya ikkilisiya.

Wani malamin tauhidi na Amurka, James Fowler, ya bayyana a littafinsa na 1981 cewa bangaskiya tana da matakan girma, kamar yadda hankali yake da su. A matakin ƙuruciya, yaro yana ganin Allah mai sakayya ne kawai: ka yi kirki a ba ka, ka yi laifi a hore ka. Wannan ya dace da ɗan shekara 8. Abin baƙin ciki, akwai mai furfura da a nan ya tsaya.

Dubi babban ɗan nan a karatunmu. Bai taɓa barin gida ba, amma lissafin bawa yake yi: shekarun bauta, da ɗan akuyar da ba a ba shi ba. Uba yake da shi, ubangida yake gani. Shi ya sa murnar dawowar ƙanensa ta zame masa ɗaci.

Kada ka auna girmanka da baye-baye kaɗai. Korantiyawa ba su rasa wata baiwa ba, duk da haka Bulus ya kira su jarirai masu shan madara, saboda kishi da jayayya. Yadda kake ɗaukan ɗan'uwan da ya faɗi, shi yake tona irin Allahn da ke zuciyarka.

Yesu ya gaya wa Filibus cewa ganinsa ganin Uba ne. A makon nan karanta Bisharar Luka a hankali, ka lura da yadda ya karɓi Zakka da kutare. Ka bar Ruhu Mai Tsarki ya gyara tsohon zanen.

Addu'a: Ya Uba, ka warkar da inda aka ji mini rauni tun ina yaro, in san ka yadda kake, cikin sunan Yesu. Amin.