Wa Zai Kama Mata Keken?

A birnin Niyok na ƙasar Amurka, jiragen ƙasa suna bi ta ƙarƙashin ƙasa tun shekarar 1904. Tashoshinsu 472 ne, yawancinsu kuwa matakala kaɗai aka yi musu, ba lif. Mai lafiyar ƙafa ba ya ko lura da wannan. Amma uwar da ta zo da jaririnta cikin keken turawa, tilas ta tsaya a bakin matakala, ko ta jira mai taimako, ko ta rungumi keke da yaro ta sauka ita kaɗai.

A watan Janairu na 2019, wata mace mai shekara 22 ta faɗi a matakalar wata tasha a Manhattan, tana ɗauke da 'yarta a keke. Uwar ta rasu, yarinyar ta tsira. Daga baya likitoci suka ce ciwon zuciya ne ya yi ajalinta. Duk da haka, tashar ba ta da lif, matar kuma ita kaɗai ta ɗauki kayan nan.

To, hakkin wane ne? Waɗansu sukan ce na masu wucewa ne, gama kama gaban keke bai fi minti ɗaya ba. Gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai alherin baƙo ba shi da tabbas, yau a samu, gobe a rasa. Garin da ya dogara gare shi kaɗai ya mai da iyaye mata da guragu da tsofaffi masu roƙo a kan hanyar da su ma kuɗinsu suka biya.

Waɗansu kuma sukan ce aikin hukuma ne. Wannan ma gaskiya ne. A 2022, bayan ƙarar da naƙasassu suka kai, hukumar sufurin birnin ta yi alkawarin gyara kashi 95 cikin ɗari na tashoshin nan da 2055. Amma jaririn da ke cikin keke yau zai kusa shekara talatin kafin lokacin.

Saboda haka hakkin biyu ne, ɗaya ba ya soke ɗaya. Hukuma ta gina, jama'a su matsa mata ta cika alkawari. Kafin nan, wanda ya ga uwa tsaye a bakin matakala, kada ya jira ta roƙa. Ya sunkuya ya kama gaban keken.