Kulle ma azaba ce

A watan Yunin 2020 wani ƙaramin soja mai suna Las Kofur Martins Idakpini, na runduna ta 8 da ke Sakkwato, ya ɗauki bidiyo yana sanye da kakinsa, ya zargi hafsan sojojin ƙasa na lokacin, Tukur Buratai, da gazawa kan kashe-kashen da ake yi a Arewa. Ba a ɗau lokaci ba aka kama shi. Aka kama matarsa ma, ta yi kwanaki a tsare kafin a sake ta, alhali ba ita ta yi rantsuwar aikin soja ba. Shi kuwa aka rufe shi, babu lauya, babu dangi, har sai da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarni a watan Yuli cewa a bar matarsa da lauyansa su gan shi. Bayan umarnin ma lauyan ya yi ta kukan cewa ƙofa na nan a rufe.

Abin da ya fi damuna shi ne amsar da mutane suke bayarwa idan aka kawo irin wannan zance a majalisa, ko a Rano ko a Kibiya. Sai ka ji dattijo mai furfura ya ce, "To dukansa aka yi? Ai ajiye shi kawai aka yi a gadurum." Nan ma'auninmu ya lalace. Mun kai matsayin da ba ma kiran abu azaba sai mun ga jini ko karaya, ko an fito da gawa.

Soja yana da doka, wannan babu musu. Wanda ya shiga Defo, wajen horar da sababbin sojoji a Zariya, ya san bakinsa ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma rundunar da kowa zai fito ya zagi kwamandansa a waya ba za ta tsaya a fagen fama ba. Idan ya karya doka, a gurfanar da shi a kotun soja, a karanta masa laifinsa, lauya ya tsaya masa, a yanke hukunci. Amma a jefa mutum ɗaki shi kaɗai, bai san ranar fita ba, iyalinsa ba su san ko yana raye ba, tun kafin alƙali ya ce uffan, wannan ba ladabtarwa ba ce. Karya mutum ake so a yi, domin sauran 'yan bariki su gani su yi shiru.

Dokar ƙasar nan ma ba ta tsaya ga duka ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Dokar hana azabtarwa ta 2017, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu, ta ambaci azabar ƙwaƙwalwa da sunanta: hana barci, tsirara mutum don a kunyata shi, tsare shi a ɓoye, yanke shi daga danginsa. Ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga wanda ya aikata, ta kuma ce umarnin na sama ba hujja ba ne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, masu ɗauke da sunan Mandela, sun haramta kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

Amurka ta sha wannan muhawara kan Manning, sojan da ya miƙa wa WikiLeaks takardun yaƙin Iraƙi da Afganistan. Daga Yulin 2010 zuwa Afrilun 2011 an tsare shi a sansanin Quantico, sa'a 23 a kowace rana cikin ɗaki shi kaɗai, har akwai lokacin da ake karɓe tufafinsa da dare. Babu wanda ya ɗaga masa hannu. Duk da haka mai binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, Juan Méndez, ya bayyana wannan riƙo a matsayin zalunci da wulaƙanci, kuma alƙaliyar sojan Amurka da kanta ta rage kwana 112 daga hukuncin saboda an wuce iyaka. Hukuncin shekara 35 aka yanke, wato ba a wanke laifin ba, amma an raba laifin fursuna da laifin mai tsaron fursuna. Wannan rabewar ce mu muka daina yi.

Ba sai mun je Amurka neman darasi ba. Duk yaron da ya zauna a makarantar Islamiyya ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba dukanta ta yi ba, rufe ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid cewa ciyar da fursuna da tufatar da shi, rani da hunturu, nauyi ne a kan baitulmali, ya kuma gargaɗe shi kan dukan mutane a kurkuku. Fiye da shekara 1,200 ke nan. Mu da muke alfahari da wannan gado, yau mu ne muke cewa "a koya masa hankali".

Sannan a duba abin da waɗannan sojoji suke faɗa kafin a rufe musu baki. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram, su kuma suna cewa ba a ba su makaman kirki ba. Shekara guda bayan haka aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10, a daidai lokacin da ƙasa ta cika da labarin dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ake tuhumar ofishin Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a kansu. A 2020 kuma Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan rundunar yaƙi da Boko Haram ta Operation Lafiya Dole, ya bayyana a bidiyo yana kokawa kan yadda ake ragargazar motocinsu. Aka cire shi, aka kai shi kotun soja. Idan janar ya ga haka, ina ga las kofur? Kuma 'ya'yan wa ke cikin waɗancan motoci? Akwai na Rano, akwai na Kibiya da Bunkure, yaran da iyayensu suka sayar da hatsi suka yi musu kuɗin mota zuwa wajen ɗaukar soja.

Mutanen Rano sun ga inda sakaci da ɗakin tsare mutane yake kaiwa. A watan Mayun 2025 wani matashi ya mutu bayan 'yan sanda sun kama shi, jama'a suka ce dukansa aka yi, fushi ya tashi, aka cinna wa ofishin 'yan sandan wuta, aka kai wa DPO hari har ya rasu. Rai biyu suka tafi. Kisan jami'in nan ta'asa ce da babu mai hankalin da zai kare ta, kuma da a ce mutane sun yarda akwai mai leƙa abin da ke faruwa a bayan kantar 'yan sanda, da wuya ƙarya ko gaskiya ta tayar da gari haka cikin dare ɗaya.

Mai leƙawar kuwa doka ta tanade shi. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata yana duba waɗanda ke tsare, ta kuma ɗora wa alƙalan babbar kotu ziyartar wuraren tsare mutane na sauran hukumomi. Limamanmu na Juma'a, da hakimai, da ɗan majalisar da ke wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya a Abuja, su ne ya kamata su tambaya da babbar murya: yaushe alƙali ya shiga sel na ƙarshe a yankin nan, mutum nawa ya tarar, kuma sojoji nawa ke zaune a gadurum yanzu ba tare da an karanta musu tuhuma ba?