Sanin Wurin Bugu Shi Ne Ƙira: Birkin Tsohuwar A-kori-kura

Hausawa na cewa sanin wurin bugu shi ne ƙira. Maƙeri da ɗan koyonsa guduma ɗaya suke ɗagawa, wuta ɗaya ce a gabansu, sau da yawa ma yaron ya fi ƙarfin damtse, amma a hannun ubangidan lauje ke fitowa, domin shi ya san inda ƙarfe ke neman bugu da inda bugu zai ɓata shi. Karin maganar ta ɗora darajar sana'a a kan ganewa kafin a ɗaga hannu. Wannan hikima ta fito fili a gyaran birkin tsohuwar a-kori-kura, irin Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna ko Hilux mai shekara ashirin da ɗoriya, motocin da har yau su ke kwaso hatsi da dabbobi daga kasuwannin ƙauye. Direba kan shigo gareji da magana ɗaya, "Oga, birki ba ya kamawa," alhali a bayan wannan magana akwai cututtuka iri-iri, kowace da maganinta. Bakaniken da ya ji haka ya aiki yaro ya sayo sabon fad tun bai ɗora ƙafa a kan birkin ba, bugu kawai yake yi.

Abin da ya sa ganewa ke yiwuwa shi ne birki yana da ƙa'idar da ba ya saɓawa. Ƙafa ta taka, masta ta tura man birki cikin bututu zuwa tayoyi huɗu, a gaba man ya matse fad a jikin faifan ƙarfe, a baya ya buɗe shu a cikin duram. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa idan birki ya yi laushi yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa ake zargin iska ta shiga bututu. Idan kuwa sai ya yi nisa kafin ya kama, amma da an taka sau biyu ko uku ya taso ya yi tauri, galibi shu na baya ne suka cinye suka yi nesa da duram. Wanda aka taka aka riƙe ya riƙa nutsewa a hankali har ƙasa, man bai ragu ba, babu ɗigo a ƙarƙashin mota, wannan robar cikin masta ce ta gaji, mai na sulalewa ta gefenta. Birkin da ya yi tauri har direba na miƙewa a kansa kuma maganar sabo ce, wannan baƙar tukunyar da ke bayan masta mai ƙara wa ƙafa ƙarfi. Gwajinta ba ya cin ko sisi: a kashe inji, a taka birki sau huɗu ko biyar, a riƙe, a tayar da mota. Idan sabo na da lafiya, ƙafa za ta ɗan sauka da kanta. Duk waɗannan direba sunansu ɗaya a wurinsa, kuma babu ko guda a cikinsu da sabon fad zai warkar.

Inda karin maganar ta fi cizo shi ne lokacin da alama ta nuna wuri, cutar kuma tana wani wuri daban. Motar da ke fizga dama in an taka birki, ido kan tafi kan tayar dama, amma sau da yawa ita ce lafiyayya; ta hagu ce ba ta kamawa, sai motar ta bi ɓangaren da ya riƙe ta. Haka kuma a buɗe duram na baya a tarar da shu sun jiƙe sharkaf. Mai sani zai dangwala da yatsa ya sunsuna: idan man na da kauri da wari, man giya ne ya tsallako daga aksil saboda robar da ke tare shi ta mutu, kuma duk sabon shu da aka sa ba a canza robar ba, shi ma jiƙewa zai yi. Ga kuma tiyon roba da ke kai mai ga tayar gaba, wanda kan ruɓe daga ciki alhali bayansa sumul, ya bar mai ya wuce amma ya hana shi komawa. Taya ta riƙa ɗaukar zafi, a ɗora laifin a kan fistin da ke matse fad. Don a bambance, a ɗaga motar da jak, a taka birki a saki, a sassauta ɗan noti na cire iska: idan mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, fistin ba shi da laifi, sai a koma kan tiyo da abin da ke bayansa.

Wani zai ce mota ce tsohuwa, birki kuma rai ne, me zai hana a canza komai a huta? Maganar na da gaskiya ta wani fanni, domin fad da shu ba a canza su gefe guda, sai hagu da dama tare. Amma mai a-kori-kura da ke lissafin kuɗin mai da na lodi ba zai iya sayen komai ba, abu ɗaya ko biyu zai saya, saboda haka tilas a san wanne. Kuma akwai cutar da sabon ƙarfe ba ya taɓawa. Man birki yana shan danshi daga iska. Nau'in DOT 3 ana buƙatar sabonsa ya jure zafin da ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, amma wanda ya sha ruwa ma'auninsa digiri 140 ne kacal. Motar da birkinta ke kamawa lafiya a cikin gari, idan ta ɗauko buhunan dankali daga Jos ta kama gangaren Hawan Kibo direba na kwance a kan birki, tsohon man na iya tafasa ya zama tururi, ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. Bayan ya huce birkin ya dawo, har a ce babu abin da ya same shi. Bakaniken da ya tambayi direba a ina abin ya faru, da wane kaya, kuma yaushe rabon a canza man, shi zai gano wannan, ya kuma tuna masa da sauka gangare da ƙaramar giya.

Akwai kuma masu fakewa da sani su kare dabarar hanya. A gano tayar da ke zubar da mai, a ƙwanƙwashe bututunta a toshe, ko a cika tulun man birki da ruwan sabulu ko man inji, a ce ai gwani ne, ya san wurin. Ya san wurin, amma karin maganar ba ta tsaya ga sani ba, ta haɗa shi da bugun da ya dace. Bututun da aka toshe ya bar mota da birki a taya uku, za ta fizga gefe daidai lokacin da ake neman ta tsaya cak. Ruwa yana tafasa a digiri 100 kuma yana sa tsatsa, man inji yana kumbura duk robar da ya taɓa, daga masta har tayoyi. Iyakar dabarar toshewa ita ce ta kai mota gareji mafi kusa, a hankali, bayan an sauke fasinjojin da ke zaune a kan buhuna a baya. Abin takaici shi ne yadda ake barin irin wannan toshiya ta yi watanni a jikin mota, ana ta lodin mutane ranar kasuwa.