Ajali da Karan Sigari

Mai shan taba, in aka matsa masa da nasiha, mafakarsa ɗaya ce: ajali a rubuce yake, wanda bai taɓa kunna kara ba ma tafiya zai yi. Haka ne. Sai dai ba za a tambayi bawa ranar mutuwarsa ba, tunda ba a hannunsa take ba. Abin da za a tambaye shi shi ne yadda ya riƙi amanar jikin da aka ba shi, kuma a nan likitoci na da ta cewa.

A cikin huhu akwai ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye duk cutar da ta biyo numfashi. Hayaƙin taba, da sinadaransa sama da 7,000, yana cika musu ciki da dauɗa har su rine su koma ruwan ƙasa, su yi sanyin jiki a bakin aiki. Shi ya sa tarin fuka ya fi samun kafa a ƙirjin mashayi. A 2024 masu bincike na Cibiyar Pasteur ta Faransa sun fitar da nazarin jinin lafiyayyun mutane 1,000. Sun gano cewa garkuwar gaggawa, wadda ake haifar mutum da ita, takan koma daidai jim kaɗan bayan an daina. Amma wadda ke haddace kamannin cuta don gobe tana zama da tabon shekara 10 zuwa 15, domin hayaƙin na barin shaida a kan ƙwayoyin halitta. Tsufa ne mutum ke saya wa dakarun jikinsa, kara-kara, a teburin mai shayi.

Wani zai ce ai malamai sun yi saɓani, har Ahmad Baba na Timbuktu ya halatta taba a farkon ƙarni na 17. Shehin ya duba ne bai ga tana gusar da hankali kamar giya ba, kuma babu madubin likita a gabansa. Hukunci da dalilinsa yake tafiya. Fatawar da aka gina lokacin da cutarwa ke ɓoye ba ta zama laima ga wanda aka nuna wa hoton huhunsa.

Saura mai cewa tunda tabon na daɗewa, dainawa ba ta da amfani. Wannan ya cakuɗa yafiya da warkewa. Tuba tana iya karɓuwa a dare ɗaya, jiki kuwa da lokaci yake aiki. Wanda ya jefar da kwalin yana ɗan arba'in, sashe ɗaya na garkuwarsa zai farfaɗo da wuri, ɗayan kuma yana iya kaiwa har ya haura hamsin.