Hadaya Ce, Ko Kuwa Kisa?

Akwai wata magana da bakinmu ya saba da ita a gidan makoki, wato "nufin Allah ne". Mukan faɗe ta da kyakkyawar zuciya, mai makoki kuma yakan sami sanyi. Amma ya kamata mu tambayi kanmu ko ta dace da kowace mutuwa. Labarin Takashi Nagai, wani likita ɗan Katolika na ƙasar Japan, shi ya sa muka ɗauko wannan tambaya.

Nagai likitan ɗaukar hoton ƙirji ne a birnin Nagasaki. Aikinsa ya dogara ga wani irin haske da ido ba ya gani, wanda Bajamushe Röntgen ya gano a 1895. Hasken nan yana ratsa nama, ƙashi kuwa ya tare shi, saboda haka akan ga cikin mutum ba tare da an sa wuƙa ba. Sai dai in ya yi yawa yakan lalata ƙwayoyin jiki, musamman ɓargo, inda jini yake samuwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu fim ɗin hoto ya yi wuya, tarin fuka kuwa yana cin mutane, sai Nagai ya riƙa tsayawa gaban na'ura yana duban ƙirjin marasa lafiya kai tsaye. Ya san abin da yake yi wa jikinsa. A watan Yuni na 1945 aka shaida masa cewa ya kamu da sankarar jini, shekara uku kuma ta rage masa.

Bayan wata biyu, ran 9 ga Agusta, bam ɗin nukiliya na Amurka ya fashe bisa unguwar Urakami, kamar mita 500 daga babbar majami'ar Katolika. Cikin masu bi kimanin 12,000, wajen 8,500 suka mutu. Nagai ya tsira da rauni a ka, ya tarar da ƙasusuwan matarsa Midori cikin tokar gidansu, carbin Rosarinta a narke kusa da su. Da yawa cikin waɗanda wuta ta bari sai gashinsu ya fara zuba, jini yana fita daga dasashi, suka mutu bayan 'yan makonni. Likitan ya gane ciwon, gama tushensa ɗaya da nasa.

A watan Nuwamba, wurin Misa domin matattu, aka roƙe shi ya yi jawabi. Ya kwatanta mutanen Urakami da ɗan rago marar aibi, hadaya ta ƙonawa domin zunuban yaƙi, har ya kira jama'a su yi godiya. Waɗansu cikin masu sauraro suka husata.

Cikin ladabi muke cewa ba mu bi shi har can ba. Hadaya tana bukatar yardar mai bayarwa. Ubangijinmu da kansa ya miƙa ransa, ba wanda ya ƙwace. Sankarar da Nagai ya ɗauko wurin aiki, idonsa a buɗe, domin marasa lafiya, wannan kam hadaya ce. Amma jaririn da ke goye a Urakami, wa ya nemi yardarsa? In kuwa mun kira mutuwarsa hadaya, wane ne firist ɗin da ya miƙa ta? Matuƙin jirgin ne, ko wanda ya ba da umurni? Da kalma guda sai mu wanke hannun mai laifi, mu ɗora wa Allah. Majalisar Vatikan ta Biyu a 1965 ta koyar cewa hallaka birni duka da mazaunansa laifi ne ga Allah da ɗan Adam. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma, da ya je Hiroshima a Fabrairun 1981, ya kira yaƙi aikin mutum. Mu ma abin ya taɓa kusantarmu: ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ba tare da an tambayi mazaunan hamada ba, Nijeriya kuwa ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961.

Duk da haka ba mu da bakin zargin Nagai. Ya yi magana ne ga mutanen da ake yi wa gori cewa hukuncin sama ne ya faɗa musu, yana neman ya tsame su daga fid da zuciya da neman ramako. Akwai maganar da ta halatta a bakin wanda aka kashe wa mata, amma ta haramta a bakin wanda ya kashe, da na ɗan kallo irinmu. Allah ya fitar da alheri daga sayar da Yusufu, amma wannan bai mai da cinikin 'yan'uwansa aikin ibada ba.

Nagai ya wuce shekara ukun da aka ɗiba masa. Ya ƙarasa kwanakinsa kwance cikin wata 'yar bukka mai faɗin tabarma biyu, yana rubutu, 'ya'yansa biyu a gefensa. Ya rasu ran 1 ga Mayu 1951, yana da shekara 43.